Inji Mai Lita Uku a Motar Baba

Litinin, 24 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

"Malama, injin nan ba lalacewa ya yi ba, tsufa ya yi. Ni kuwa ban iya gyaran tsufa ba, da na fara da kaina."

Chang Biak ke nan, makanikin Baba tun shekara ashirin da biyu da suka wuce, yana magana kansa na cikin bonet. Duk mai aikin hannu a garinmu na Lom Sak, Chang ake ce masa. Ni kuma, tunda ina koyar da ƙididdiga a jami'a a Khon Kaen, Malama ce, duk da cewa ya san ni tun ina yawo ba wando a garejin nan.

Abin da ya kawo ni wurinsa: yau da safe na ɗora buhun taki arba'in a akori-kurar Baba na nufi Pha Daeng, ƙauyen masu noman kabeji da ke can ƙolin dutse. Ban kai rabin hawan ba lagireto ya tafasa. Na tsaya a gefe ina kallon tururi kamar mai dafa taliya. Direban Prasit ne ya ja ni da igiya zuwa inda zan iya juyawa, yana ta ba ni haƙuri da murmushin da bai iya ɓoyewa ba. Prasit na da sabbin motoci shida, kuma ya daɗe yana son layin Baba.

Layin shi ne komai. Gida goma sha ɗaya a Pha Daeng Baba ke hawar musu da taki ya sauko musu da kabeji zuwa kasuwa, tun kafin a haife ni. Inna Sua ce ke magana da yawunsu. Ta aiko cewa za su riƙe wa Baba wurinsa har ranar da sufayen haikali ke shiga zaman ibadarsu na damina, ashirin da ɗaya ga Yuli. In kafin nan na sauko da cikakken lodi ko sau ɗaya, na kai kasuwa kafin sha ɗaya na safe, layi namu ne. In ban yi ba, su ma suna da kabejin da ba ya jiran kowa.

Mako huɗu. Na sha gyara takardun jarrabawar ɗalibi ɗari uku cikin kwana biyar. Inji ɗaya ba zai gagare ni ba.

Talata, 25 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe

Baba ya ci abinci. Da hannun hagu, amma ya ci.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, kalma uku suka rage masa: "to", "a'a", da wani ashar da ba zan rubuta ba. Goggo Lamduan, yayarsa, ta ce duk rayuwarsa ma da su ya fi amfani, don haka ita ba ta ga wani babban canji ba. Na gaya masa zan taɓa injin motarsa. Ya zaɓi ta uku.

Alhamis, 27 ga Yuni, tsakar rana

Chang Biak ya yage kwalin matatar mai ya zana mini hanyoyi uku da biro.

Ta farko, a bar injin nan mai lita biyu da rabi, a murɗa famfon mai ya riƙa zuba masa fiye da ƙima. Ƙarfi zai ƙaru kaɗan, hayaƙi zai ƙaru da yawa. Ta biyu, a ɗora masa babban turbo mai hura wa inji iska, irin wanda samarin da ke tsere a bayan filin jirgi ke sawa, mai fito kamar tsuntsu. Ta uku, a fitar da shi gaba ɗaya a sa na hannu mai lita uku, irin wanda ake kwancowa daga Japan.

Na zo da takarduna, har da jadawali. Na nuna masa cewa a lissafi babban turbo ya fi ba da ƙarfin doki.

Ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa. "Dokin nan a ina yake fitowa?"

Na duba. "In inji ya kai juyi dubu uku da ɗari biyar."

"To, Malama, a kwanar da kika tafasa, da tan biyu a bayanki, a giya ɗaya, juyi nawa kike?"

Na koma kan takardar, shi ya ba da amsar da kansa.

"Dubu ɗaya da ɗari takwas. A nan turbon naki barci yake yi. Yaran can doki suke so don hanyarsu shimfiɗaɗɗiya ce kuma bayansu ba komai sai lasifika. Ke bauna kike nema, mai ja tun daga ƙasa ba tare da ta yi ihu ba. Kuma fistin ɗin tsohon nan in kika hura masa iska haka, ta gefe zai fito ya gaishe ki."

Na ce ai dama ta uku na zo zaɓa, gwada shi nake yi. Ya ce ya sani, shi ma gwada ni yake yi. Muka ci kwaɗon gwanda a kan murfin durom, ya sa barkono bakwai don ya ga ko zaman birni ya lalata ni. Bai lalata ni ba. Hawayen da na yi na ƙura ne.

Juma'a, 28 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Shugaban sashenmu ya bugo yana tambaya yaushe zan dawo. Na ce idan na gama wani bincike a kan juyi.

Lahadi, 30 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Jiya muka je kasuwar injuna a Bang Na, can gefen Bangkok, ni da Chang Biak, awa shida a motar haya yana munshari a kafaɗata. Rumfuna ne jere, injuna jibge kamar kabewa, ƙasa baƙi ƙirin da mai.

Na yi zaton za a yi awo da na'ura. Abin da ya yi shi ne ya buɗe murfin mai na kowane inji ya leƙa da tocila, ya shafa yatsa ya shinshina. Wanda aka wanke fes ya wuce shi. "Mai gaskiya ba ya wanka kafin a zo ganinsa," in ji shi, sannan ya ce kada in rubuta wannan, don matarsa za ta ce da kansa yake.

Na huɗu ya tsaya a kai. Mai rumfar, wata dattijuwa da gilashi a goshi, ta sa aka ɗora shi kan tsohuwar taya, aka jona batir, aka tsoma tiyo a galan. Ya tashi bugu ɗaya, yana rawa a ƙasa ba mota ba komai. Chang Biak ya ɗora tafin hannu a bakin bututun numfashi ya rufe ido. Ya daɗe. Sannan ya ce da ita hayaƙin ya yi masa shuɗi.

"Idonka ne ya yi shuɗi, tsoho," ta ce. "Wannan injin wani ɗan Japan ne ya riƙa kai matarsa asibiti da shi, bai taɓa wuce sittin ba."

"Duk injunanki matar nan suka kai asibiti. Har yanzu ba ta warke ba?"

Ta rage kuɗin. Ni aikina shi ne takardu: rasit, takardar shigowa ƙasa, da lambar da ke jikin inji, harafi da harafi. Na sami bakwai da aka rubuta kamar ɗaya, na sa aka sake. Dattijuwar ta kalle ni ta saman gilashi ta tambayi Chang Biak ko lauya ce. Ya ce a'a, ta fi haka muni.

Talata, 2 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Goggo ta hana a kwance ko ƙusa ɗaya sai an sanar da Uwar Mota, iskar da ta ce tana tsare kowace mota. Ta zo gareji da furen jasmin, ayaba, da turaren tsinke tara. Ta durƙusa a gaban bamba ta yi bayani dalla-dalla, kamar mai gaya wa tsohuwa za a yi mata aiki: za a cire zuciya a sa wata, kada ta tsorata, kada ta yi fushi ta bar motar, yarinyar nan ce za ta riƙa tuƙi yanzu, ta yi boko da yawa amma ba ta da mugunta.

Na ce, "Goggo, ki gaya mata lita uku ne, ta yi murna."

"Ki yi shiru, Chon. Ba da ke nake ba."

Na riƙe mata turaren. Ba don na yarda ba, hannunta ne a cike.

Kafin a ɗaga tsohon injin, Chang Biak ya manna farin tef a kan lambarsa ya goga fensir har haruffan suka fito, kamar yadda ofishin rajista ke so. Ya yi biyu. Ɗaya na ofis, ɗayan ya miƙo mini. Ga shi nan na manna a bangon littafin nan. Da sarƙa ta ɗaga injin sama yana lilo, na ga ashe ƙarami ne. Wannan abin ne ya biya mini makaranta tun daga firamare har digiri na biyu.

Na fita sayen ƙanƙara. Ba wanda ya aike ni.

Juma'a, 5 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Ashe inji ba ya zuwa shi kaɗai, da danginsa yake tafe. Kulocin da ke ciki ba zai riƙe sabon ƙarfin ba, sai an sa mai kauri. Lagireto sai mai layi uku. Ƙafafun da injin ke zama a kai sai da aka yanka aka sake walda, don sabon ya fi tsohon faɗi da yatsa biyu. Sai kuma birki, wanda ban sa a jadawalina ba sam.

Na ce ni hawa ne matsalata.

"Hawa na masu kallo ne," in ji shi. "Babanki bai taɓa yi mini maganar hawa ba. Tan uku na kabeji a bayanki, hanya jiƙe, kwanar hanya ɗari da wani abu, a nan ake sanin direba. Giya biyu, ƙafa a ɗage, inji ya riƙe ki. Birki kuma taɓawa ake yi, ba zama ake a kai ba. In kika ji ƙauri, kin riga kin makara."

Ya canza duka huɗun. Ya ce in na ƙi, in ɗauki motata a kai in tafi.

Asabar, 6 ga Yuli, safe

Baba ya ci abinci. Komai na tafiya daidai.

Litinin, 8 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Ofishin rajista ya ci rabin yini. Jami'in ya goga nasa fensirin, ya gwada da nawa, ya auna hayaƙi, ya buga hatimi. Motar Baba ta zama mai lita uku a hukumance.

Na gwada ta a hanyar Lom Kao. Ban san haka abin yake ba. Ka taɓa totur kaɗan, sai ka ji kamar wani ƙato ya sa kafaɗa a bayan motar. Ba ihu, ba kakari. Na wuce motar rake a hawa, a giya huɗu, ina jin rediyo.

Da na shigo gida Baba na zaune a baranda inda Goggo ke ajiye shi da yamma. Bai ɗago ba. Shekara da shekaru yana gane motarsa tun daga gadar kasuwa, yau ta tsaya a gabansa yana zaton mai kawo gas ne. Sai da na fito ya kalle ni, ya kalli motar. Na buɗe masa bonet. Ya daɗe yana saurare, kai a karkace.

Sannan ya yi ashar ɗin, amma a hankali, irin yadda yake yi in ya ga kifi babba.

Na ɗauke shi a matsayin yabo. Ƙididdiga ta ba ni dama.

Laraba, 10 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Na hau. Buhu arba'in, ƙarfe shida na bar gida, allurar zafi ba ta ko motsa ba. Inda na tafasa wancan karon na wuce shi a giya biyu. Kwanar jakunan dawa ma na wuce ta lafiya. Wurin da ɗan ɗakin Kakan Dutse yake ke nan, iskan da aka ce yana tsare hanyar, a hagu, inda direbobi suka tara gumakan jakin dawa da kwalaben jan lemo. Ban kalli hagu ba, hanya nake kallo.

Bakwai da kwata ina Pha Daeng. Na fito ina jiran a tafa mini.

Kabeji na nan a gona, kowanne a kan gindinsa. Ba a yanka ko ɗaya ba. Inna Sua na zaune a kan buhu tana ɗinkin ado a baƙin ƙyalle, matan gidajen na shan shayi, wuƙaƙe a ajiye.

Na ce, "Inna, ai na bugo waya jiya, na sake bugowa da asuba."

"Kin bugo, 'yata. Kowa na bugowa. Direba na kwance a gadonsa zai ce miki ga shi a kwana ta talatin. Mu yanka, rana ta fito, kabeji ya yi laushi, a kasuwa a ce na jiya ne. Mu ba ma yanka da waya. Sai mun ji mota da kunnenmu."

Ba su ji ni ba. Laifin sabon injin ne, shiru gare shi kamar ɓarawo. Sun yanka bayan na iso, lodi ya ƙare goma da rabi, na isa kasuwa sha biyu ta wuce, manyan motocin Bangkok sun tafi. Masu talla suka saya a wulaƙance.

Saukowar dai ta yi kyau. Giya biyu, ƙafa a ɗage. Ban ji ƙauri ba.

Matsala ce ta sauti. Tana da magani.

Alhamis, 11 ga Yuli, tsakar rana

Na ce da Chang Biak ya cire tukunyar salansa ya sa miƙaƙƙen bututu.

Ya goge hannu ya kalle ni. "Don me?"

"Don a ji ni daga sama."

"Haka Inna Sua ta ce? Injin ne ba su ji ba?"

"Haka ta ce."

Ya ci gaba da goge hannun da ya riga ya goge. Sannan ya ce motata ce. Ya ɗauko wani bututu da wani yaron tsere ya bari, ya ɗaura. Da na tayar, karen gareji ya shige ƙarƙashin benci, mai sayar da kaza a tsallaken titi ta dafe ƙirji.

Da na iso gida Baba ya ce "a'a" sau biyar. Bai taɓa jera kalma biyar ba tun da muka dawo da shi daga asibiti, don haka ci gaba ne.

Asabar, 13 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Na hau da aradu. Ina jin ƙarata na dukan dutse tana dawowa. Ban kalli hagu ba.

Ba a yanka ba.

Inna Sua ta ce, "Mun ji wani abu kam. Mun zaci jirgin soja ne. Kazata ta fasa ƙwai." Matan suka yi dariya a bayan mayafi. Sannan ta ajiye ɗinkin ta ce, a hankali, mota ashirin ke hawa dutsen nan kowace safiya, rabinsu da irin wannan bututun, ta yaya za ta san wacce ce tata? Ta ce, "Na gaya miki ranar Laraba. Ko in sake faɗa?"

Na ce a'a, na ji.

Motar Prasit na tsaye a bakin ƙauye, direban na cin gyaɗa. Saura kwana takwas.

Lahadi, 14 ga Yuli

Ba abin rubutawa.

Litinin, 15 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Na koma gareji da sabon tunani: a mayar da tsohuwar salansar Baba, wadda suka saba da muryarta. Na yi bayani mai kyau, har da yadda sauti ke tafiya a kwari.

Chang Biak ya saurara har na gama. Sannan ya buɗe bonet ya zura hannu bayan fitila ya zaro wata 'yar waya baƙa da ke reto.

"Malama, wannan ta hon ce. Ranar da muka sa inji na gan ta a cire, na mayar. Ranar Alhamis na sake ganinta a cire, na sake mayarwa. Yau ga ta. Ɓera ba ya cire soket ya naɗe bakin da tef."

Na ce wataƙila girgiza ce.

"Wataƙila," ya ce. Ya ajiye wayar a kan batir, bai mayar ba. "Inji na iya sa miki. Wannan kuma ba aikin makaniki ba ne."

To. Na yi wa littafin nan ƙarya, kuma ni na saye shi da kuɗina. Ranar Laraba Inna Sua ba ta ambaci inji ba. Hon ta ce. Kowane direba na yi wa Kakan Dutse hon in ya zo kwanar jakunan dawa, kuma kowanne da irin nasa bugun. Daga kwanar nan sauti na miƙewa sama har gonaki, kuma daga nan zuwa ƙauye rabin awa ce da lodi, daidai lokacin yanka. Mutum na iya ƙarya da waya, amma ba zai yi hon a kwanar ba sai yana kwanar. Na Baba doguwa biyu ne, gajera ɗaya. In sun ji, gida goma sha ɗaya su ɗauki wuƙa.

Ni na cire wayar, ranar da na fara ɗaukar makullin.

Laraba, 17 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Zan rubuta sau ɗaya.

Huɗu ga Yuni, sun ji doguwa ta farko. Sun miƙe sun ɗauki wuƙaƙe. Doguwar ba ta tsaya ba. Inna Sua ta ce ta ƙirga numfashinta har ashirin sannan ta ce da maza su hau babura. Sun same shi ya ja birkin hannu da hagu, motar a tsaye daidai gaban jakunan dawa, shi kuma a kife kan sitiyari. Likita ya ce da an ƙara rabin awa, da wani zancen ake yi. Ni ina aji a lokacin, ina koyar da yiwuwar aukuwar abu, wayata a kashe.

Ban ji ƙarar ba. Ban san me ya sa nake jin ta ba.

Shi ke nan. Baba ya ci abinci.

Alhamis, 18 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Goggo ce ta gaya masa, na tabbata, don ita da Chang Biak ba sa iya riƙe magana ko ta minti ɗaya. Ina ba shi kunun shinkafa ya ture cokalin, ya kamo wuyan hannuna da hagunsa. Har yanzu da ƙarfi a hannun nan. Ya danna babban yatsa a tafina ya riƙe. Ya saki. Ya sake dannawa ya riƙe. Sannan ɗan gajere.

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya sake yi.

"Na ce na sani."

Ya yi ashar ɗin, ya buɗe baki a ba shi kunu. Goggo daga kicin ta ce, "Ka ga, ita ma ta gaji taurin kan. Da hanci kawai ta ɗauko da mun huta."

Juma'a, 19 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

An cire bututun tsere, an mayar da salansar kirki. Karen gareji ya yafe mini.

Wayar ni na mayar da kaina. Soket ne kawai, ko ɗan yaye zai iya. Chang Biak ya ce in gwada. Na ce gobe. Ya ce in ba ta yi ba fa? Na ce to Kakan Dutse ya gyara, ai shi ake yi wa.

Ya duba mai, ya duba ruwa, ya ƙara wa tayoyin baya iska. Ya ƙi karɓar ko sisi na yau. Ya ce in kawo masa kabeji biyu, masu nauyi, ba irin na masu talla ba.

Asabar, 20 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

An yi ruwa da asuba, hanya na sheƙi. Buhu arba'in. Injin na ja kamar bai san da su ba, kuma na lura ina jin haushinsa kaɗan, don da ya tafasa da na sami dalili.

Kwanar na zuwa bayan wata doguwar miƙa. Na sauko giya biyu. Na kalli hagu. Jakunan dawa ne kawai, wajen ɗari, manya da ƙanana, wasu fentinsu ya goge. A gaba akwai wani sabo da jan zare a wuya, da kwalbar lemo da tsinke a ciki. Na san zaren, daga kwandon ɗinkin Goggo yake.

Na ɗora tafin hannu a tsakiyar sitiyari. Robar ta lotsa a wurin, daidai girman hannunsa.

Ta farko ta fito a shaƙe, don ban danna sosai ba. Na danna. Ƙara ce kawai, irin ta kowace tsohuwar akori-kura, kamar agwagwa mai mura. Abin da ban shirya masa ba shi ne ɗaga hannun. Na ɗaga, ta yi shiru. Na sake dannawa, na ɗaga, ta sake yin shiru. Sannan gajera.

Rabin awar da ta biyo baya ban kunna rediyo ba.

Tun daga kwanar ƙarshe na hango su, bayansu a sunkuye cikin gona, kwanduna na tafiya a kafaɗu. Da na tsaya an riga an tara tudu biyu a bakin hanya, ganyen na ɗigar ruwa. Maza suka sauke taki, mata suka jera kabeji a kejin baya, gindi waje, kai ciki, har ya wuce rufin mota. Tara saura kwata aka ɗaure tamfol.

Inna Sua ta zagaya motar tana jan igiyoyi. Ta tsaya a gaban bonet ta saurari injin.

"Wannan ne sabon?"

"Shi ne, Inna. Lita uku."

"Ba shi da surutu. Ya fi ki." Ta miƙo mini ƙunshin shinkafa mai danƙo a ganyen ayaba, ta ce na Baba ne, kada in ci a hanya. "Ta biyun ta yi gajarta. Babanki na jan ta fiye da haka. Da na ji ta farko na tsaya da wuƙa a hannu, sai da kika saki sannan na yi numfashi. Duk muka yi."

Na ce zan gyara.

"Ki gyara. Talata da Asabar, kamar yadda aka saba. Ki gaya wa mai gyaɗar can ya matsar da motarsa, ya tare miki hanya."

Ban gaya masa ba. Na yi masa hon, gajera ɗaya, ya matsa.

Sha ɗaya saura minti ashirin na shiga kasuwa, amma wannan lissafi ne, kowa na iya yi. Abin da nake so in ajiye a nan shi ne can sama: tan uku a bayana, hazo na tashi daga kwari, kabejin Chang Biak biyu a kujerar gefe na ɗaura musu bel. Inna Sua ta riga ta koma kan buhunta ta ɗauki allura. Na ja ƙofar, ba ta kama ba, don sai an ɗaga ta kaɗan kamar yadda Baba ke yi. Na ɗaga, ta rufu. Na sa giya biyu na fara gangarowa.